Ganyen fulawata yana ta yin rawaya, mutuwa za ta yi?

Assalamu alaikum Anti. Ina da wata fulawa mai yaɗo, ganyenta mai siffar zuciya, kore da ɗan ratsin rawaya. Mahaifiyata ce ta yanko mini reshenta kafin Allah ya yi mata rasuwa, shi ya sa nake ji da ita fiye da komai a ɗakina. Tana nan lafiya lau har muka tashi muka koma wani gida. Da muka tare sai na sauya mata babbar tukunya ta tangaran mai kyau, wadda ba ta da huji a ƙasa, na zuba tsakuwa a gindin tukunyar kamar yadda aka ce mini, na ajiye ta a lungun falo. Kullum da safe sai na ba ta ruwa. Wata biyu ke nan ganyen ƙasa suna yin rawaya, su yi laushi su zube, ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga ƙasar. Maƙwabciyata ta ce yunwa ce, na sa mata takin zamani sau biyu, abin sai ƙaruwa yake. Anti, mutuwa za ta yi? Wallahi in ta mutu ban san yadda zan ji ba.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mama, ya kai haske kabarinta, ya ƙara miki haƙurin rashinta. Ki kwantar da hankalinki, ina kyautata zaton fulawar nan za ta tashi. Amma daga yau ki ajiye butar ban ruwa, ki ɗaure bakin ledar takin nan ki ɗaga ta sama. Fulawarki ba yunwa take ji ba, ruwa ne ya yi mata yawa har saiwarta ta kasa numfashi.

Yadda kika siffanta ta, ita ce wadda masu sayar da fulawa ke kira pothos, masana tsirrai kuma su ce Epipremnum aureum. Asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, inda take bin jikin bishiyoyi tana hawa, saiwarta na cikin ruɓaɓɓen ganye mai sako-sako da iska ke ratsawa. Shuka ce mai taurin rai sosai. Tana jure ƙishi, tana jure ƙarancin haske, tana jure mantuwar mai ita. Abin da ta fi kasa jurewa shi ne a bar saiwarta cikin caɓi kwana da kwanaki, kuma shi ne ya same ta.

Mutane da yawa ba su san saiwa tana numfashi ba. Tana buƙatar iskar oksijin dare da rana, kuma tana samunta ne daga ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In kin ba da ruwa, ramukan su cika, ruwan ya tsane, iska ta dawo. In ruwan bai samu hanyar fita ba, ramukan za su zauna a cike, kuma oksijin yana tafiya a cikin ruwa da nawa ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake tafiya a iska. Sai siraran saiwoyin da ke shan ruwa su fara mutuwa. Da sun raunana, ƙwayoyin cuta masu son damshi, irin su Pythium da Phytophthora, su far musu, saiwa ta ruɓe. Daga nan abin da ke ruɗa mutane yake farawa: shukar tana tsaye cikin ruwa amma ba ta da bakin sha, sai ganyenta ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi. Mai ita ta gani, tausayi ya kama ta, ta ƙara ruwa. Na tabbata haka ta faru da ke, kuma ba laifinki ba ne, duk mai ƙaunar shukarsa haka zuciyarsa za ta raya masa.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka kai ki nan, ko ɗaya daga cikinsu ma ya isa. Tukunyar ba ta da huji. Ta kuma fi ƙarfin saiwar, don ƙasar da ke kewaye wadda saiwa ba ta kai gare ta ba, ba mai shanye ruwanta, haka za ta zauna a jiƙe. Ga lungun falo mai duhu, alhali shuka gwargwadon hasken da take samu take shan ruwa. A tsohon gidanku mai yiwuwa tana kusa da taga, shi ya sa ban ruwanki bai cutar da ita ba a can. Sannan ga ruwan kullum safiya.

Zancen tsakuwa kuwa, ina so ki saurare ni da kyau, domin shawara ce da ta yaɗu ko'ina kuma ba ta aiki. Ki ɗauki soson wanka ki jiƙa shi, ki ɗora a kan tsakuwa. Ruwan ba zai gangara cikin tsakuwar ba sai soson ya cika ya tumbatsa, kuma ƙasan soson ne zai fi jiƙewa. Haka ƙasar tukunya take. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga wuri mai manyan ramuka, don haka tsakuwar ba ta tsane komai, sai ma ta ɗago wurin da ya fi jiƙewa ta kawo shi kusa da saiwa. A tukunyar da ba huji kuma, ruwan da ya samu ya sauka sai ya kwanta a tsakanin tsakuwar ya yi wari, ba ki gani.

Ƙudajen da kike gani shaida ce a kan wannan. Suna yin ƙwai a saman ƙasa mai damshi, tsutsotsinsu suna cin fumfuna da ruɓaɓɓen abu, wani lokaci har siraran saiwoyi. Ƙasar da ke bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa ba ta riƙe su.

Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta yi magana, kuma gaskiya ne rashin abinci na sa ganye rawaya. Amma takin zamani gishiri ne iri-iri. Saiwa mai lafiya tana tsotse shi a hankali. Saiwar da ta ji rauni ba ta iyawa, sai gishirin ya taru a ƙasar ya riƙa janye ruwa daga jikinta yana ƙona abin da ya rage. A tukunya marar huji ma babu ta inda zai wanke ya fita. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

To, ga abin da nake so ki yi, kuma yau nake so ki yi shi, kada ki bari sai ƙarshen mako.

Kafin ki taɓa tukunyar, ki fara yankar iri. Ki duba rassan da har yanzu suke kore shar, masu ƙwari. A jikin kowane reshe akwai gaɓa, wurin da ganye ya fito, kuma a gefenta za ki ga wani ɗan kullutu ruwan ƙasa. Daga nan sabuwar saiwa ke fita. Ki yanka ƙasa da gaɓar kaɗan, tsawon santimita 10 zuwa 15, kowane yanki da ganye ɗaya ko biyu a sama. Ki cire ganyen da zai nutse, ki sa gaɓar cikin kofin gilashi mai ruwa mai tsabta, ki ajiye wuri mai haske. Ganye shi kaɗai ba tare da gaɓa ba, ba zai zama shuka ba, ko ya daɗe yana kore a cikin ruwa. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan 'yan kwanaki. Cikin mako 2 zuwa 4 za ki ga fararen saiwoyi, in sun kai kamar santimita 5 sai ki dasa. Ki yanki uku ko huɗu, kada ki tsaya a ɗaya. Na sa wannan a gaba ne saboda abin da kika faɗa game da mama. Reshen da aka yanka aka dasa ba 'yar shukar ba ce ko jikarta, ita ce dai da kanta, jiki ɗaya, hali ɗaya, kamar yadda reshen da mama ta ba ki yake shukarta. Da zarar waɗannan sun yi saiwa, ko me ya faru da ta cikin tukunya, ba ki rasa ta ba. Sai ki yi sauran aikin hannunki ba ya rawa.

Yanzu ki shimfiɗa jarida ko buhu, ki kwantar da tukunyar, ki zaro shukar da ƙasarta gaba ɗaya. Kada ki ja ta da ƙarfi ta reshe. Ki karkaɗe ƙasar a hankali, ki ɗauraye saiwar da ruwan da ba sanyi ba zafi, ki duba. Saiwa mai rai fara ce ko ruwan madara, tana da ƙwari in kin matsa. Wadda ta ruɓe baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, laɓo-laɓo, tana wari, in kin ja ta sai ɓawon ya saɓule ya bar wani siririn zare. Ki goge almakashi da sifirit, ki yanke duk wadda ta ruɓe har ki kai ga farin wuri. Kada tausayi ya hana ki, ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta warkewa, sai dai ta harbi ta kusa da ita. In kin ga kin yanke rabin saiwar ko fiye, ki rage rassan sama ma, saboda ɗan abin da ya saura ba zai iya shayar da ganye mai yawa ba. Rassan da kika rage in suna da lafiya, ki ƙara su cikin kofin.

Ki kuma matsa gindin karan, daidai inda ya shiga ƙasa. In da ƙwari, alhamdu lillahi. In ya yi baƙi ya yi laushi, ruɓar ta hau sama, wannan gindin ba zai tashi ba. Ki yanke duk lafiyayyen reshe ki mayar da shi iri, ki zubar da sauran.

Tsohuwar ƙasar ki zubar da ita duka, akwai cuta da gishirin taki da ƙwan ƙudaje a ciki. Ki samo ƙaramar tukunya mai huji a ƙasa, wadda faɗinta bai wuce dunƙulen saiwar da santimita 2 zuwa 5 ba. Ta yumɓu marar fenti ta fi miki, tunda hannunki yana da saurin ban ruwa, domin jikinta yana fitar da damshi. Ta roba ma ta yi in dai da huji. Ƙasar kuma ta zama mai sako-sako: kashi biyu na ƙasar dashen fulawa, kashi ɗaya na abin da zai buɗe ta, ko dai fararen duwatsun nan marasa nauyi da ake kira falayit, ko ɓawon itace da aka farfasa, ko yashi mai manyan ƙwayoyi. Ban da rairayi mai laushi, toshe ramukan yake yi. Ki dasa ta daidai zurfin da take a da, kada ki binne karan, kada kuma ki danne ƙasar da ƙarfi. Ki ba ta ruwa kaɗan don ƙasar ta zauna, shi ke nan.

Tukunyarki ta tangaran ba ta zama asara ba. Ki wanke ta da sabulu, ki zura ƙaramar a cikinta ta zama riga. In za ki ba da ruwa ki fito da ƙaramar, ta gama ɗiga, ki mayar.

Wurin ajiya: kusa da taga, inda haske yake da yawa amma ranar tsaka ba ta dukan ganyen kai tsaye. In akwai labule marar kauri a tsakani, ya yi daidai. Idonmu yana yaudararmu a nan, domin yana sabawa da duhu nan da nan, sai mu ga lungu da haske alhali ga shuka duhu ne. Haske yana raguwa da sauri da zarar an yi 'yan taku daga taga. Ki sa hannunki a wurin da rana, in ya yi inuwa da ake gane siffarta, hasken ya isa. Kada kuma ki ajiye ta inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, shukar ƙasashen zafi ce, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana yi mata illa, iska mai sanyi da ke kaɗa ta kullum ma tana zubar mata da ganye.

Ban ruwa shi ne inda za ki fi shan wahala, don sai kin karya al'adar da hannunki ya saba. Kada ki sa mata ranar ban ruwa, ko kullum, ko duk Juma'a, ko wata ƙa'ida makamanciyar haka. Ƙasar ce za ta gaya miki. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyin damshi ko ƙasa ta manne miki, ki bar ta. In ta bushe, ki ba ta ruwa sosai, a hankali, ko'ina a saman, har ya fito ta hujin. Bayan kamar minti 15 ki zubar da wanda ya taru a faranti. Ki riƙa ɗaga tukunyar ma kina jin nauyinta bayan ban ruwa da kuma lokacin da ta bushe, ba da daɗewa ba hannunki zai riƙa ganewa tun kafin ki sa yatsa. Wani lokaci za ta kai mako, wani lokaci fiye da haka, musamman yanzu da saiwarta ta ragu, da kuma lokacin sanyi da girma ke tsayawa. In safiya ta yi kika ji hannunki yana ƙaiƙayin yi mata wani abu, ki ɗauki tsumma mai damshi ki goge mata ƙurar ganye, ki juya tukunyar ɗaya gefen ya samu haske, ki leƙa bayan ganyen. Wannan ma kula ce, kuma ta fi amfanar ta.

Taki kuwa, ki manta da shi sai kin ga sabon ganye ya fito ya buɗe, aƙalla mako 6 zuwa 8. Bayan nan ki sa rabin abin da aka rubuta a jikin kwalin, sau ɗaya a wata, a kan ƙasa mai ɗan damshi, kuma lokacin da take tofo kaɗai.

Ganyen da ya riga ya yi rawaya gaba ɗaya ba zai koma kore ba, gara ki sani tun yanzu. Launin kore daga wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda ganye ke kama hasken rana da shi. In shuka ta shiga matsi, sai ta rushe kulorofil ɗin tsofaffin ganye ta kwashe abin amfanin ciki, musamman naitirojin, ta aika wa sababbi. Rawayar da kike gani launin da dama yana nan ne a ƙarƙashi, koren ne ya rufe shi. Wanda ya gama yin rawaya ki cire shi. Wanda ke da sauran kore ki bar shi ya gama ba da abin da ke jikinsa. Bayan dashen ma za ki iya ganin wasu sun ƙara zubewa a makonnin farko. Kada wannan ya firgita ki har ki sake tone ta ko ki koma ban ruwa. Sabon tofo za ki riƙa kallo, shi ne mai gaya miki gaskiyar halin da saiwa take ciki.

Idan kuma kin zaro ta kika tarar saiwar fara tas, ba wari, to kin kama abin da wuri, sauyin tukunya da ƙasa ya wadatar. Amma yana da kyau ki iya karanta ganye, don wata rana rawayar za ta dawo da wani dalili daban, kuma wurin da ta fara ɓulla shi ne mabuɗin. Ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa da suka yi rawaya jefi-jefi, sauran suna lafiya, tsufa ne kawai, ba ganyen da ke dawwama. Rawaya tare da bushewa, ganye yana ƙaras-ƙaras, ƙasa ta janye daga jikin tukunya, ƙishi ne. Tsofaffin ganye su koɗe baki ɗaya, girma ya tsaya, a shukar da ta shekara ba taki, wannan ce yunwar naitirojin da maƙwabciyarki take nufi. In tsakanin jijiyoyin ganye ne ya yi rawaya jijiyoyin suna kore, sai ki duba wane ganye ne: a tsofaffi yawanci ƙarancin magniziyam ne, a sababbi kuwa ƙarancin sinadarin ƙarfe. Bambancin ya zo ne daga cewa shuka tana iya kwaso naitirojin da magniziyam daga tsohon ganye ta kai wa sabo, amma ƙarfe in ya zauna a ganye ya zauna, don haka sabon ne ke rasawa. Sau da yawa ma ƙarfen yana nan a ƙasar, ruwa mai yawan alli ne ya ɗaure shi saiwa ta kasa ɗauka. Farin ɓawo a saman ƙasa ko bakin tukunya, da bakin ganye yana ƙonewa, gishiri ne ya taru. A kwarara ruwa mai yawa ya wanke ta hujin. Ƙananan ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar saƙa a bayan ganye, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo. A wanke ganyen gaba da baya, a maimaita duk mako har su ƙare. Masu kama da ɓurɓushin auduga a inda ganye ya haɗu da reshe kuma a goge su da auduga mai sifirit. Ratsin rawayar da kika ce tana da shi tun asali ba ciwo ba ne, adonta ne, kuma za ki ga ya ƙara fitowa in ta samu haske.

Ƙudajen za su ragu da kansu tunda kin zubar da ƙasar kuma saman sabuwar zai riƙa bushewa. In wasu sun saura suna yawo, takardar nan mai danƙo ruwan ɗorawa da ake kafawa a tukunya tana kama su. Ba sai kin fesa maganin ƙwari a falo ba.

Ki wanke hannu bayan kin gama yankan, ko ki sa safar hannu, domin ruwan jikin pothos yana ɗauke da ƙananan tsinin sinadarin kalsiyam okzalet masu sa ƙaiƙayi, kuma in yaro ko kyanwa ta tauna ganyen, baki da maƙogwaro za su yi zafi su kumbura. Kofunan irin da tukunyar duka ki ɗora su inda ƙaramin hannu ba zai kai ba. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da kika tarar a saiwar, da ko gaɓoɓin cikin kofi sun fara fitar da fari, sai mu ga ko lokacin dasa su ya yi.